Me ya sa ake gina rufaffen zauren wasanni a tsakiyar birni, kuma yana mayar da kuɗinsa?

Tambaya: A birane da dama ina ganin an gina babban rufaffen zauren wasanni da shagali a tsakiyar gari, inda fili ya fi tsada kuma cunkoso ya fi yawa. Me ya hana a kai shi bayan gari? Da gaske ne gini ɗaya na iya ɗaukar ƙwallon kwando yau, wasan ƙanƙara gobe, mawaƙi jibi? Kuma idan birni ya zuba kuɗin jama'a a ciki, suna dawowa?

Amsa: Malam, tambayoyinka uku ne, amma duk a wuri ɗaya suka haɗu. Mu da muka yi aiki a irin waɗannan gine-gine, abin da muke fara dubawa shi ne kalanda: dare nawa a shekara ake buɗe ƙofa, dare nawa ginin ke kwana a rufe. Inda aka gina shi, yadda aka tsara daɓensa, da wanda ke cin riba ko ɗaukar asara, duk daga nan suke tasowa.

Ka yi lissafin da kanka. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta gasar NBA, babbar gasar Amurka, tana buga wasa 82 a kaka, 41 daga ciki a gida. In aka yi sa'a akwai ƙungiyar hokin ƙanƙara, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, da ke zaune a ginin, ta ƙara kusan wannan adadi. Duka-duka dare tamanin da 'yan kai ke nan a cikin 365. Sauran dararen kuwa wutar lantarki tana ci, masu gadi suna karɓar albashi, bashin gini yana ƙara ruwa. Shi ya sa manajan zaure ba ya zama. Mawaƙa, dambe, kokawa, wasan yara lokacin hutu, taron addini, bikin yaye ɗalibai, taron jam'iyya, duk wanda zai cika kujeru ana marhabin da shi. Zaurukan da suka fi hada-hada sukan wuce taro 200 a shekara. Filin ƙwallon ƙafa ba ya iya haka, domin ciyawa tana buƙatar hutu, ruwan sama da sanyi kuma suna da tasu magana. Rufi da daɓen siminti su ne suka 'yantar da zaure daga wannan.

To, da yawan waɗannan taruka a tsakiyar mako ake yin su, da ƙarfe bakwai ko takwas na dare. Ka tambayi kanka: ranar Talata da yamma, ina mutane suke? Suna tsakiyar gari, sun tashi daga aiki. Wanda zai taka da ƙafa minti goma daga ofis, ko ya sauka daga jirgin ƙasa a ƙofar ginin, zai sayi tikiti. Wanda sai ya tuƙa mota awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, gobe kuma yana da aiki, sai ya ce a gida ma ana gani a talabijin.

Amurka ta gwada kai su bayan gari, kuma ta ga sakamako. A 1974 aka buɗe Richfield Coliseum a karkarar Ohio, tsakanin Cleveland da Akron, da tunanin za a jawo mutanen biranen biyu. Shekara 20 kawai ya yi yana aiki. A 1994 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cavaliers ta koma sabon zaure a tsakiyar Cleveland, aka rushe tsohon a 1999, yanzu wurin ciyawa ce a cikin gandun shaƙatawa na ƙasa. Haka Capital Centre da aka buɗe a 1973 a Landover, wajen birnin Washington: a 1997 attajirin da ke da ƙungiyoyin, Abe Pollin, ya mayar da su cikin gari, a ginin da yanzu ake kira Capital One Arena, wanda tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ke gindinsa. Palace of Auburn Hills ma, da aka buɗe a bayan garin Detroit a 1988 kuma ake yabon tsarinsa, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Pistons ta bar shi a 2017 ta koma tsakiyar Detroit, aka rushe shi a 2020.

Maganar cunkoso da ka kawo gaskiya ce, amma akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Mutum 20,000 suna shigowa a hankali cikin awa ɗaya da rabi, amma fita kusan lokaci guda suke yi. A bayan gari kowa da motarsa, hanyar fita kuma ɗaya ce ko biyu, sai a yi ta zaman jira a wurin ajiye motoci. A tsakiyar gari kuwa tituna suna fita ta kowace kusurwa, wasu su bi jirgi, wasu bas, wasu su tsaya cin abinci har taron ya lafa. Wuraren ajiye motocin ofisoshi, da suke wayam da dare, su ne 'yan kallo ke amfani da su, ba sai an share sabon fili ba. Madison Square Garden na New York, wanda aka buɗe a 1968, a kan tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania yake zaune. Zauren Manchester a Ingila, na 1995, a jikin tashar Victoria yake. Kuma zaure ba ya cin fili kamar filin ƙwallon ƙafa, shi ya sa yake iya shiga tsakanin gidaje da ofisoshi.

Ba kullum ake bin wannan ba. Dakar Arena mai kujera 15,000, da aka buɗe a 2018, a Diamniadio aka gina shi, kimanin kilomita 30 daga Dakar, domin gwamnatin Sanagal sabon gari take ginawa a can. Wannan caca ce a kan cewa gari zai biyo gini. BK Arena na Kigali mai kujera 10,000, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya gina aka buɗe a 2019, shi a cikin gari yake, a unguwar Remera kusa da filin Amahoro, kuma shi ya karɓi kakar farko ta gasar ƙwallon kwando ta Afirka, BAL, a 2021.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce na fi jin daɗin amsawa. E, da gaske ne, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne ba a narkar da ƙanƙarar. Lokacin da kake kallon ƙwallon kwando a irin wannan gini cikin hunturu, ƙanƙara tana nan kwance ƙarƙashin ƙafar 'yan wasa.

Daɓen ginin siminti ne, amma a cikinsa an jera bututu masu tsawon kilomitoci, ana tura wani ruwan sanyi da ba ya daskarewa yana zagayawa a ciki har simintin ya yi ƙasa da sifiri da digiri da dama. A farkon kaka ma'aikata su fesa ruwa siriri-siriri, ya daskare, su fesa farin fenti, su zana layuka da tambarin ƙungiya, sannan su ci gaba da ƙara ruwa a kai har kaurin ya kai kamar santimita uku. Ba ya wuce haka da yawa, domin ƙanƙara mai kauri tana wahalar sanyayawa daga ƙasa. Tsakanin zangon wasa kuma motar nan da ake kira Zamboni, wadda Frank Zamboni ya ƙera a California a 1949, ita ke kankare saman ta shimfiɗa ruwan ɗumi ya daskare sumul.

Filin hoki na Arewacin Amurka ƙafa 200 ne a tsaye, 85 a kwance, wato kusan mita 61 da 26. Filin NBA ƙafa 94 da 50 ne, ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wannan bambanci shi ke sa a iya ɗora ɗaya a kan ɗaya. Da an busa tashi a wasan hoki, kafin 'yan kallo su gama fita, ma'aikata sun shigo. Wasu su kwance gilasan da ke kewaye da filin, wasu su fara jera faifan da ke tare sanyi a kan ƙanƙarar, suna turo su a kan amalanke, kowane a manne da ɗan'uwansa don kada iska ta sami kafa. A kan wannan ake shimfiɗa katakon ƙwallon kwando, wanda ke zuwa gunduwa-gunduwa sama da 200, kowace da lambarta. Akan fara daga wuri ɗaya da aka auna, a ɗora, a saƙala, a buga da guduma mai kan roba har bakin ya haɗe. In aka kuskure da faɗin yatsa a layin farko, sai an kai ƙarshe a ga layukan fenti sun ƙi haɗuwa, a kwance a sake. Sannan a jawo kujerun da ke naɗe a jikin bango su cike gurbin da ya rage, a turo kwandunan, a auna tsayinsu ya zama ƙafa 10 cif. Waɗannan ƙarin kujeru ne suka sa Madison Square Garden ke ɗaukar kusan mutum 19,800 a ƙwallon kwando amma kusan 18,000 a hoki.

Yawanci cikin dare ake wannan aiki, amma in ta kama, ƙwararrun ma'aikata suna gama shi cikin 'yan awoyi tsakanin wasan rana da na dare. A watan Mayu na 2012 zauren Staples Center na Los Angeles ya karɓi wasannin zagayen fitar da gwani shida cikin kwana huɗu, na ƙungiyoyin ƙwallon kwando Lakers da Clippers da na ƙungiyar hoki ta Kings. Mutanen da suka yi wannan aiki ba a nuna su a talabijin, amma a wurina su ne ƙashin bayan ginin.

Babban abokin gaba a nan shi ne laima. Ƙasa sanyi, sama numfashin mutum dubbai da iskar waje mai ɗumi, sai katako ya fara gumi kamar kofin ruwan sanyi a rana. A ranar 30 ga Nuwamba 2016 sai da aka ɗage wasan Philadelphia 76ers da Sacramento Kings saboda daɓen ya jiƙe yana santsi. Don haka na'urar da ke busar da iska tana da muhimmanci daidai da wadda ke sanyaya ta. A ƙasashe masu zafi inda ba a hoki, an huta da ƙanƙara, amma kuɗin sanyaya ginin da na janareto na iya zama abin da ya fi cin kasafi.

Akwai kuma abu biyu da ɗan kallo ba ya gani amma su ke yanke hukunci ko babban mawaƙi zai zo ko ba zai zo ba. Na farko rufi. Babu ginshiƙi a tsakiya, ƙarafan sama ne ke ɗauke da kansu, kuma a jikinsu ake rataye allon bidiyo da lasifikoki da fitilun da mawaƙi ya zo da su, nauyin da kan kai tan da yawa. Kafin a rataye komai, injiniya ya duba takardar nauyi ya sa hannu. Ba wasa ba ne: a ranar 18 ga Janairu 1978 rufin Hartford Civic Center ya rufta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, awoyi kaɗan bayan dubban mutane sun watse daga kallon wasa. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, bincike kuma ya nuna akwai kuskure a tsarin ƙarafan. Na biyu ƙofar baya, inda tireloli ke sauke kaya. Babban mawaƙi yana yawo da tireloli goma, ashirin, ko fiye, su iso da asuba, a kafa dandamali kafin la'asar, a kwance bayan shagali su kama hanya kafin gari ya waye. A nan ne tsakiyar gari ke da rauni, domin wurin juya tirela ya yi kaɗan. Daɓen Madison Square Garden ma a hawa na biyar yake, dole a bi wata doguwar gangara da kayan. Sunan New York ne ya sa ake haƙuri da wannan. Ƙaramin birni da ya gina zaure mai ƙuntatacciyar ƙofar baya zai ga masu shirya rangadi suna tsallake shi.

Ba zan wuce ba tare da maganar rai ba. Inda aka fi samun hatsari shi ne bakin ƙofa. A ranar 3 ga Disamba 1979 mutum 11 suka rasu a turmutsutsu a ƙofar Riverfront Coliseum na Cincinnati, domin an sayar da tikiti marasa lambar kujera, kowa na son ya riga shiga, ƙofofin da aka buɗe kuma ba su da yawa. A ranar 22 ga Mayu 2017 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 22 a harabar da ke haɗa zauren Manchester da tashar jirgi, daidai lokacin da ake fitowa. Wurin yana waje da inda ake binciken masu shiga. Kusancin nan da tasha da titi, da ya sa ginin ke da daɗin zuwa, shi ya sa dole a zauna tun farko a fayyace wa ke da alhakin kowane taku tsakanin kujera da titi.

Sai tambayarka ta uku, kuma a nan zan gaya maka ra'ayina ƙarara. Zaure yana iya kawo kuɗi sosai. Abin tambaya shi ne aljihun wa suke shiga. Tikiti kaɗan ne daga ciki, kuma a shagalin waƙa mafi yawan kuɗin tikiti na mawaƙi da mai shirya taro ne. Ginin yana ci ne daga haya, abinci da abin sha, ajiye motoci, talla, ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kamawa na shekaru, da sayar da sunan ginin. Staples Center da aka gina da kimanin dala miliyan 375 aka buɗe a 1999, a 2021 an sauya masa suna zuwa Crypto.com Arena a cinikin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 700 na shekara 20. Idan birni ne ya ci bashi ya yi gini, amma yarjejeniya ta bar wa ƙungiya ko kamfanin da ke gudanarwa duk waɗannan hanyoyin kuɗi, to jama'a sun ɗauki kaya wani ya karɓi lada.

Masu neman tallafin gwamnati kan ce ginin zai farfaɗo da tattalin arzikin birni. Masana irin su Roger Noll da Andrew Zimbalist, da Dennis Coates da Brad Humphreys, sun daɗe suna bincike a kan wannan a Amurka, kuma abin da suka yi ta samu shi ne filaye da zaurukan wasa ba sa ƙara kuɗin shigar mazauna birni yadda ake alkawari. Dalilin mai sauƙi ne. Iyalin da suka kashe kuɗi a zaure ranar Asabar, da ma za su kashe su a sinima ko gidan abinci a wata unguwa ta wannan birni. Kuɗin sun sauya wuri ne kawai. Sabon kuɗi na gaske shi ne na baƙon da ya zo daga wani gari ya kwana a otal. Ayyukan da ake ƙirgawa ma da yawansu na 'yan awoyi ne a daren taro.

Wannan bai sa na ce kada a gina ba. Unguwar da ke kewaye da ginin takan farfaɗo, kuma akwai daraja a birni ya sami inda mutanensa za su taru a ƙarƙashin rufi ɗaya. A Columbus ta Ohio masu zaɓe sun ƙi amincewa da harajin gina zaure a 1997, 'yan kasuwa suka gina Nationwide Arena da kuɗinsu aka buɗe a 2000, unguwa guda ta gidaje da ofisoshi ta tashi a gefensa. Amma ka ji ƙarshen labarin: a 2012 wata hukumar gwamnati ce ta saye ginin da kuɗin harajin gidajen caca domin a ceci ƙungiyar hoki daga asara. A Washington ma, a Disamba 2023 mai ƙungiyoyin na lokacin ya sanar zai kwashe su zuwa Virginia, shirin ya wargaje a 2024, birnin kuma ya amince da dala miliyan 515 na gyaran ginin domin su zauna. Da zarar unguwa ta dogara da zaure, mai ƙungiya ya sami abin matsa wa birni lamba.

Kansas City ta nuna wata fuska. Ta buɗe zaurenta a 2007 da fatan samun ƙungiyar NBA ko ta hoki, har yau ba ta samu ba, amma da yake ba ƙungiyar da ta riƙe ranakun Juma'a da Asabar, sai ginin ya zama wurin da mawaƙa ke son zuwa. Ƙungiya tana ba da tabbacin darare, amma tana cinye mafi kyawunsu.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta shi a kasafi. Don a gina Civic Arena na Pittsburgh, da aka buɗe a 1961, an tashi kimanin mutum 8,000 daga unguwar Lower Hill, mafi yawansu baƙaƙen fata, da shagunansu da wuraren ibadarsu. An gama rushe ginin a 2012, unguwar kuwa ba ta dawo yadda take ba. Fili a tsakiyar gari da wuya ya zama ba mai shi, kuma wanda aka fi tasa shi ne wanda ba shi da murya a majalisar birni.

Saboda haka in birninku na shirin irin wannan aiki, ka bar hoton ginin da ake nunawa, ka nemi takardar yarjejeniya. Ka duba wa zai biya idan kuɗin gini ya zarce ƙiyasi. Ka duba wa ke da kuɗin suna da na ɗakunan alfarma, da ko ginin zai biya harajin ƙasa, domin Madison Square Garden tun 1982 aka ɗauke masa shi. Ka tambayi taro nawa aka yi alkawari a shekara, su waye za su kawo su, da ko akwai wani zaure a kusa da za su riƙa rububin mawaƙi ɗaya. Ka duba ko an ware wa makarantu da ƙananan ƙungiyoyi ranaku a farashi mai sauƙi. Sannan ka gwada tsawon bashin da tsawon alkawarin zaman ƙungiya, ka kuma nemi asusun gyara da za a riƙa zuba wa kuɗi tun shekarar farko, domin rufi da kujeru da na'urorin sanyi suna tsufa da wuri, masu ƙungiya kuma sukan ce gini ya tsufa tun kafin ya lalace. Miami Arena da Charlotte Coliseum duk a 1988 aka buɗe su. An rushe na Charlotte a 2007, na Miami a 2008.